Ɗan Talotalon da Ya Maƙale a Cikin Ƙwai

Injina na ƙyanƙyasar ƙwai haɗin gida ne: tsohuwar kula, ƙwan lantarki, ƙaramar fankar kwamfuta, ma'aunin zafi da na danshi, sai kwanon ruwa a ƙasa. Ƙwan talotalo kwana 28 yake yi, ba 21 irin na kaza ba. Na tsayar da zafi a digiri 37.5, ina juya ƙwayayen sau uku a rana. Ranar ta 25 na daina juyawa, na ƙara ruwa don danshi ya kai kashi 65 zuwa 70.

Sai dai hunturu ake yi. Iskar nan busasshiya ce, da ka ɗaga murfi danshin ya tafi, dole na ƙara jiƙaƙƙen soso a ciki.

Sauran duk suka fito da kansu, ɗaya ya rage. Ya huda ɓawon ta wajen faffaɗan kai, inda iska take, sai ya tsaya. Wannan tsayawar ba matsala ba ce. A lokacin ne yake koyon numfashi, yana janye gwaiduwa cikin cikinsa, jijiyoyin jinin da ke jikin tantanin da ke ƙarƙashin ɓawo kuma suna ƙafewa. Yana iya kwana ya wuni a haka, kuma mai gaggawar ɓare masa zai iya kashe shi da zubar jini. Don haka na bar shi.

Abin da ya sa na sa hannu shi ne tantanin. Da farko fari ne mai laushi, sai ya koma ruwan ƙasa, ya bushe kamar takarda, ya manne wa gashinsa. Kukansa ma ya fara rauni, yana motsa baki amma ya kasa juyawa.

Na wanke hannu, na rufe taga, na ɗauko matsefata da auduga da ruwan ɗumi. Daga bakin hudar na riƙa tsinke ɓawon kaɗan-kaɗan, ban taɓa tantanin ba. Sannan na jiƙa shi, ina kiyaye kada ruwa ya shiga hancinsa. Jiƙawar tana sa a ga abin da ke ciki, kuma na hango jan jijiya a gefe. Nan na tsaya, na naɗe ƙwan da ɗanyen ƙyalle ban rufe bakin ba, na mayar. Wallahi jiran nan ya fi komai wuya.

Da na sake dubawa jijiyar ta dushe. Na buɗe saman har kansa ya fito, ƙasan kuma na bar masa, domin ta nan cibiya take. Shi ya ture ragowar da ƙafafunsa.

Bayan ya bushe na kai shi wajen 'yan'uwansa, na tsoma bakinsa a ruwa. 'Ya'yan talotalo ba su da saurin gane ci da sha, shi ya sa na haɗa su da 'yan tsaki biyu su riƙa koyi da su.