Godiya ga waɗanda suka tsaya mana

Assalamu alaikum. A madadin Inna da ƙannena, ina miƙa godiya ga duk wanda ya halarci saukar Alƙur'ani da muka yi jiya a gidanmu na Argungu, da buɗe rijiyar da muka gina sadakatul jariya ga mahaifinmu. Malamai, maƙwabta, da matan da suka kwana a gindin murhu, Allah ya saka da alheri.

Matasa da yawa sun tambaye ni yadda Baba ya rasu. Yana cikin hafsoshin da jirgin soja Hercules C-130 ya faɗi da su a fadamar Ejigbo da ke Legas, ranar Asabar 26 ga Satumba, 1992. Kwas suke yi a kwalejin sojoji ta Jaji, suna hanyar komowa Kaduna, injinan jirgin suka mutu mintoci kaɗan bayan tashi. Mutum sama da 150, ba wanda ya fita da rai. Lokacin ana ta kwasar sojoji zuwa yaƙin Laberiya, don haka ranar da Inna ta ji Jaji aka tura shi, har sadakar masa ta yi, wai ya tsira. Har yau in ta tuna sai ta girgiza kai ta ce, Allah ke nan.

Aminin Baba, tsohon soja daga Zuru, Kirista ne, amma ya zauna kan tabarma har aka shafa fatiha. Ya kawo mana hoton su biyu cikin kaki, wanda ba mu taɓa gani ba. Mun gode masa.

Sai Baffa. Shekarata bakwai ya zo bariki da a-kori-kura ya kwashe mu. Shanun huɗarsa biyu ya sayar ya sa mu makaranta, shinkafar fadamarsa muka ci muka girma, kuma ban taɓa jin ya bari wani ya kira mu marayu a gabansa ba. Baffa, ba ni da bakin gode maka. Jiya da aka jawo gugan farko, duk da idonsa ya yi rauni, cewa ya yi a cika masa butarsa. Da ruwan ya yi alwalar la'asar.

Allah ya jiƙan Baba da abokan tafiyarsa, ya sa Aljanna ce makomar iyayenmu. Rijiyar ta kowa ce, ba a kulle ta.