Adudun Inna

Asabar, Yamai. Wata biyu ke nan da rasuwar Inna, Allah ya jiƙanta, amma sai yau na iya buɗe adudun da ya faɗo a rabona. Da aka raba gado a Tawa zinariya ce ta ɗauki hankalin kowa. Ni wannan na roƙa, don tun ina ƙarama nake ganin tana warware ƙullin da ke ciki ran jajibirin salla.

Na shimfiɗa farin zane na zazzage. Duwatsun tsakiya goma sha tara, murjani zare biyu, talhatana (abin wuya mai rami da tsini) huɗu, sai zoben azurfa mai jan dutse. Ƙamshin turarenta na nan a tsumman. Na daɗe zaune ban taɓa komai ba.

Bayan azahar na kai su wurin maƙeran azurfa na gidan tarihi na Bubu Hama. Wani dattijo Buzu ya karɓa, bai yi maganar kuɗi ba ko sau ɗaya, abin da ya sa na saki jiki da shi. Yana ɗaukar kowane ya ɗora a kunci. Ya ce, "Ɗiyata, dutse ya fi gilashi riƙe sanyi." Ya ɗaga ɗaya ga rana ya nuna min 'yan kumfa a ciki, da layin da abin zubi ya bari a gefe: gilashi ke nan. Na gaske kuwa yana da zane-zane kamar gajimare, kuma bakin wuƙa ba ya karce shi.

Talhatana biyu na gaske ne. Irinsu tun da can daga Kambe ta Indiya ake kawowa, daga baya a ƙarni na 19 masu sassaƙar dutse na Idar-Oberstein a Jamus suka karɓe cinikin. Sauran biyun gilashi ne, irin wanda aka riƙa zubawa a ƙasar Cek. Abin da ya tsaya min a rai, wadda Inna ta fi sawa, wadda raminta ya side saboda zare, tana cikin na gilashin. Na yi tsammanin raina zai ɓaci. Ko kaɗan. Ita na fara mayarwa jaka.

Dattijon ya gargaɗe ni kan murjani: kada lemun tsami ya kusance shi, tsami na cin sa, kuma kada in haɗa shi ƙulli ɗaya da tsakiya don ta fi shi tauri.

Da magariba na kira Gwaggo a Tawa. Na kwatanta mata zoben, ta ce, "Ai na kakarku ne, da shi aka kai ta ɗaki." Nan take na ɗauko littafi na ba kowane dutse lamba. Gwaggo ta haura tamanin, ita kaɗai ta rage da ta san labarinsu. Yau mun kai na shida. Ta ce in sake kira gobe bayan asuba, lokacin kanta ya fi sakewa.