Mataji mai tafiya da jan lantarki: inda lissafi ke cin amana

A ƙananan na'urorin silikon, irin waɗanda ke auna juyawar wayar hannu, ana tafiyar da sashe a miƙe da mataji biyu masu haƙora cikin juna. Ɗaya a kafe yake, ɗayan na rataye a kan sifirin (spring), wato siririn silikon mai lanƙwasuwa ya dawo. William Tang da Roger Howe na cikin waɗanda suka fito da tsarin a Berkeley ta Amurka a 1989.

Ja kawai mataji ya iya, bai iya turi ba. Ƙarfinsa na bin volt sau volt, saboda haka ko an sauya bakin waya, jan ne dai. Mai son kai-da-komo sai ya ajiye mataji a gefe biyu, ko ya bar sifirin ya dawo da sashen. Wutar AC zalla kuwa, mai sauya fuska kai-da-komo, sau biyu take jansa a zagaye ɗaya, shi ya sa ake ɗora ta a kan DC, wutar da ba ta sauya fuska.

Ƙarfin ma ɗan mitsitsi ne. Haƙora 100, kauri maikiromita 10 (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), rata maikiromita 2, volt 30: abin da ake samu bai wuce maikironiyutan 4 ba, wato kashi huɗu cikin miliyan na niyutan, ma'aunin ƙarfi. A nan ɗalibi ke kwaɗayin matse rata, kuma a nan ake yawan asara. Rage rata da rabi yana ninka jan gaba sau biyu ne kacal, amma halin karkacewa gefe ya ninku sau takwas, ya kuma ci gaba da ƙaruwa yayin da haƙoran ke nutsawa cikin juna. Haƙori bai taɓa zama daidai tsakiya ba, komai kyan sassaƙa. Da zarar jan gefe ya rinjayi sifirin, sai ya faɗa jikin maƙwabcinsa, wuta ta haɗe, wani lokaci har ya narke. Maganin yana wajen sifirin: naɗaɗɗe, mai laushi ta gaba, mai tsananin tauri ta gefe, tare da matokari da zai tsayar da tafiyar.

Faranti biyu masu fuskantar juna, wani tsarin jan lantarki da ba na mataji ba, sun fi wannan saurin fushi: da an ci kashi ɗaya cikin uku na ratar, sai su rufe.

Sai mannewa. Wajen ƙera na'urar, bayan wani asid mai suna HF ya cinye shimfiɗar oksayid da ke riƙe da sashen daga ƙasa don ya iya motsi, ruwan ɗauraya in yana bushewa yakan janyo sashen ya lafe a ƙasa, ba tashi. Ana kauce wa hakan da busarwa cikin matsattsiyar iskar CO2, da ƴan ƙusoshi a ƙarƙashin sashen. Farantin da ke ƙasa kuma a haɗa shi da volt ɗaya da sashen mai motsi, in ba haka ba shi ma ja zai yi.