Shafin ƙarshe na kwantiragi

Ku ƙannena da kuka fara fitar da riɗi da zoɓo da citta daga Dawanau, na lura in an turo muku kwantiragi abu uku kawai kuke dubawa: farashin tan, yawan kaya, da ranar biya. Da ni ma haka nake. Amma can ƙasa, dab da inda ake sa hannu, akwai 'yan layuka da ke faɗin dokar ƙasar da za a bi, da inda za a zauna in rigima ta taso. Layukan nan su suka ci ni.

Riɗi na sayar wa wani kamfani a ƙasar Sin. Ya ba da kafin alƙalami, ciko sai kaya sun sauka. Suna sauka ya ce da danshi, da tsakuwa, ya zabtare kuɗin. Ni kuwa ban kira kamfanin da ke auna ingancin kaya ba kafin a rufe kwantena a Apapa, wai ina tattalin kuɗi, don haka ba ni da takardar da zan ƙaryata shi. Na garzaya wurin lauyan da ke mana shari'ar fili. Mutumin kirki ne, sai dai ba fagensa ba ne. Ya shigar da ƙara a nan gida, lauyoyinsu suka nuna wa alƙali sa hannuna, inda na amince a kai duk wata gardama gaban CIETAC, hukumar raba gardamar kasuwanci ta ƙasar Sin, a Beijing. Nan take aka jingine shari'ar.

Ko da ma an ba ni gaskiya, dukiyar mutumin tana can, kuma hukuncin kotunmu da wuya ya taɓa asusunsa. Wanda ke tsallaka iyaka cikin sauƙi shi ne hukuncin masu raba gardama, wato mutanen da ɓangarorin biyu suka yarda su yanke musu a wajen kotu. Dalili shi ne Yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ƙasashe sama da 170 suka shiga, suka yarda kotunansu su zartar da irin wannan hukunci. Najeriya ta shiga a 1970, Sin a 1987. Saboda haka kada ku ce a goge sashen raba gardama daga kwantiragi. Ku yi ciniki a kansa kamar yadda kuke yi a kan farashi: a wane gari, da wane harshe, alƙali ɗaya ko uku. Uku na nufin kuɗi ninki. Kuna iya neman a zauna a Legas, tunda akwai cibiyoyin wannan aiki a can, ga kuma sabuwar dokar da Najeriya ta yi a 2023. In ya ƙi, a nemi ƙasa ta uku. In kun ga an rubuta FOSFA, wato ƙungiyar masu cinikin mai da iri irin su riɗi, to Landan ke nan, kuma wa'adinsu na kai ƙorafi gajere ne, sakaci kaɗan ya wuce ku.

Masu hulɗa da Maraɗi ko Njamena ko Garwa, ku sani Nijar da Chadi da Kamaru suna ƙarƙashin dokokin kasuwanci na bai-ɗaya na wasu ƙasashen Afirka da ake kira OHADA, babbar kotunsu tana Abidjan. Lauyan da bai san wannan tsari ba zai yi ta lalube da kuɗinku.

Kada ku ɗauka ƙananan 'yan kasuwa kaɗai abin ke ritsawa da su. Kwantiragin gas da gwamnatin Najeriya ta sa wa hannu da kamfanin P&ID a 2010 ya jawo mata hukuncin da ya kai kusan dala biliyan 11 da kuɗin ruwa, sai a 2023 wata kotun Landan ta soke shi bayan ta gano cin hanci a ciki.

In kayan kwantena ɗaya ne ko biyu, kuɗin zaman zai iya fin abin da ake bi, to a rubuta cewa sulhu za a fara nema. Ku kuma dage a biya ta takardar lamunin banki, inda banki ke sakin kuɗi da zarar takardun lodi sun cika. Lauya kuwa, kafin ku sa hannu za ku kai masa takardar, ku tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa tsayawa a irin wannan zama.