Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Hanyar Dawson

A makon jiya mun tsaya ne a Whitehorse, babban birnin yankin Yukon na ƙasar Kanada, inda muka yada zango bayan doguwar tafiya daga Edmonton a kan babbar hanyar Alaska. Daga nan muka miƙi arewa zuwa Dawson, tafiyar da ta haura kilomita 500. Kawu ne ke tuƙi. Kafin mu bar gari sai da ya cika tanki taf, ya ƙara da jarka, domin a ƙasar Yukon sai ka yi ta gudu ba gida gaba ba gida baya, daga daji sai kogi. Carmacks, Pelly Crossing, Stewart Crossing, duk ƙananan ƙauyuka ne, kafin ka gama kallonsu ka wuce su.

Ƙarshen watan Yuni ne, tsakiyar lokacin zafinsu, kuma rana ba ta faɗuwa sai bayan sha biyun dare. Ko ta faɗi ma duhu ba ya shiga. Na ce, "Kawu, yaushe za mu yi Magariba?" Ya ce, "Ɗana, malamai sun yi magana a kan irin wannan wuri. Za mu bi lokacin gari mafi kusa da ke da dare sosai." Haka muka yi Isha'i a gefen titi gari na da haske, sauro na cin mu ta ko'ina.

Tun kafin ka shiga Dawson za ka fara ganin tsibin duwatsu jere a kwarin kogin Klondike, kamar kunyoyin gona da aka yi wa huɗa aka manta ba a shuka ba. Aman manyan injunan haƙar zinariya ne. Ɗaya daga cikinsu, mai lamba 4, yana nan a rafin Bonanza, an mayar da shi wurin ziyara. A wannan rafi ne aka ga zinariya ranar 16 ga Agustan 1896. Cikin waɗanda suka gan ta akwai Skookum Jim da Dawson Charlie, 'yan asalin ƙasar, amma da sunan surukinsu George Carmack aka rubuta filin farko, saboda shi Bature ne. Da labari ya isa Seattle da San Francisco a 1897, mutum kusan 100,000 suka kama hanya. Waɗanda suka iso ba su kai rabi ba. Hukumomin Kanada sun wajabta wa kowa ya zo da abincin shekara guda, kaya kusan tan ɗaya, mutane suka riƙa ɗaukarsa a baya kaɗan-kaɗan suna hawan dutsen Chilkoot cikin ƙanƙara. Akasarinsu ko da suka iso an riga an rabe filaye masu kyau. A 1899 aka ji ƙishin-ƙishin zinariya a Nome da ke Alaska, garin Dawson ya watse. Yau mutanen Dawson ba su kai 2,000 ba.

Ni ɗan ƙasar Anka ne, don haka tsayuwa a gaban waɗannan duwatsu ba ta yi mini daɗi ba. Bagega na tuna, da shekarar 2010, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara. Kawu ya lura na yi shiru, bai ce komai ba, ya dafa kafaɗata.

Masu yawon buɗe ido sun fi son tsofaffin gidajen katako da suka karkace saboda daskararriyar ƙasar da ke ƙarƙashinsu ta narke. Ni hankalina ya fi tafiya ga mutanen Tr'ondëk Hwëch'in, 'yan asalin wurin. A bakin kogin nan suke kamun kifi tun kaka da kakanni, har baƙi suka cika wurin, sarkinsu Isaac ya kwashe jama'arsa zuwa Moosehide, ƙasa kaɗan da gari. Muka shiga gidan al'adunsu da ke bakin ruwa, na daɗe ina kallon hotunan tsofaffinsu. Jikokinsu na nan, suna da gwamnatinsu, suna koya wa yara harshensu.

Washegari muka sa mota cikin jirgin fito na kyauta da ke tsallake kogin Yukon, muka hau hanyar burji mai bin kan duwatsu zuwa iyakar Alaska. Abin da ya faru da tayarmu a can, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.