Wasiƙa Daga Ingila: Lissafin Gadon Asibiti

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina fata kuna lafiya, ku da iyalanku baki ɗaya.

Abin da ya sa na rubuto muku shi ne yadda na ga ana sa masana tattalin arziki cikin shawarar tafiyar da asibiti a nan Ingila. Da yawanmu da mun ji haka sai mu ce an zo tsuke bakin aljihu ke nan. Tambayar da suke yi ta wuce nan: idan an kashe kuɗin nan, ko an ba wannan mutum gadon nan, wane majinyaci ne zai rasa? A rahotonta na 2010, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 20 zuwa 40 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya yana tafiya ne a banza, ta hanyar sayen magani mai tsada alhali akwai irinsa mai araha, da gwajin da ba a buƙata, da riƙe wanda ya isa sallama.

Tun 1999 akwai wata hukuma a nan mai suna NICE da ke auna sabon magani kafin gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Ma'auninta shi ne nawa za a kashe a ƙara wa mutum shekara ɗaya cikin cikakkiyar lafiya, kuma a da an daɗe ana tsayawa tsakanin fam 20,000 da 30,000. Akwai ɗaci a ce an yanka wa rai farashi, na yarda. Amma inda ba a auna ba ma ana zaɓen wanda zai samu, sai dai a ɓoye, kuma mai uwa a gindin murhu ne ke cin riba.

Maganar gado ta fi ba ni mamaki. Duk wanda ya ga babu gado ko ɗaya da ba kowa a kai zai ce asibitin nan ba ya asara. Wani bincike da aka buga a mujallar likitocin Birtaniya a 1999 ya nuna akasin haka: da zarar cikar gadaje ta haura kashi 85 cikin 100, haɗarin rasa gado ya fara, idan ta wuce 90 kuwa matsalar ta zama ruwan dare. Dalili a fili yake. Hatsarin mota da naƙuda ba sa yin alƙawarin ranar zuwa, don haka gadon da ka gani babu kowa, na mai zuwa cikin dare ne. A nan, tsoho yakan warke amma a kasa sallamarsa saboda ba a shirya mai kula da shi a gida ba. Gadonsa ya riƙe, na ɗakin gaggawa ya kasa hawa, motar asibiti kuma ta tsaya a bakin ƙofa da nata majinyacin.

Yadda ake biyan asibiti ma yana sauya halinsa. A 1983 shirin Medicare, wato inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnatin Amurka, ya koma biyan ƙayyadadden kuɗi gwargwadon irin cutar, komai daɗewar mutum a kwance. Kwanakin jinya suka ragu, sai dai an yi ta kukan ana sallamar wasu da sauran ciwo. Binciken lauya Robert Francis na 2013 kan Asibitin Stafford da ke nan Ingila kuwa ya nuna yadda shugabanni suka duƙufa kan daidaita kasafi har aka rage ma'aikata, majinyata suka sha wuya. Shi ya sa mai lissafin kirki yake haɗawa da adadin waɗanda suka dawo asibiti bayan sallama, da waɗanda suka rasu.

Wannan aiki bai jira kwamfuta ba. Littafin rajista ya isa a fara: ranar kwantarwa, ranar sallama, maganin da ya lalace a sito, da ƙarfe nawa aka fara tiyatar farko. Idan ta makara da awa ɗaya, ta ƙarshe ce ake ɗagawa zuwa gobe, mai ita ya ƙara kwana a gadon da wani ke jira.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a Ingila