Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Ƙasar da Ba Ta Fi Ƙarfin Kwana Tara Ba

Makon jiya na tsaya a inda kafili, wato ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa a Saudiyya, ya sa mini hannu a takardar hutu, kwana tara cur, bayan shekara uku ina jan mota a titunan Jidda ba hutu sai na ranakun salla. Da na koma gida a daren nan, na tarar Kawu ya zo daga Makka. Ƙanen mahaifiyar mai ɗakina ne, a Shara Mansur aka haife shi, yanzu ya haura saba'in. Bayan isha'i aka kawo shayi da dabino, na faɗi albishir, nan take falo ya kaure. Babban ɗana ya ce Turkiyya, ƙanwarsa ta ce Indiya. Uwarsu kuwa ta ce, "Abban yara, duk inda ka zaɓa, amma don Allah kada a maimaita ta Masar."

Ta Masar ɗin a 2019 ce. Kwana takwas muka yi, na ƙudurta sai mun ga Alƙahira, mun ga Iskandariyya, mun leƙa Aswan. Jirgin ƙasa daga Alƙahira zuwa Aswan kaɗai ya cinye dare guda har rana ta ɗaga, dawowa ma haka. Masallacin Azhar, wanda tun ina makarantar allo nake jin malamai suna ambatonsa, ko sa'a ɗaya ban yi a cikinsa ba, don ana jiranmu a mota. Abin ya daɗe yana cin raina. Masar ba ta da laifi, girma gare ta, mu kuma kwanakinmu kaɗan ne.

Sai na ce musu ni Bahrain nake so. Yaron ya ɓata rai, ya ce ai nan bayan gida ne. Na ce abin da ya sa nake so ke nan. Tsibirai ne, faɗinsu duka bai kai murabba'in kilomita 800 ba, mai mota zai iya fita daga Manama, babban birnin, da hantsi ya gangara kudu ya dawo kafin la'asar. In wuri ya yi maka, gobe ka koma, jibi ma ka koma. Mai sayar da shayi zai gane fuskarka, ka san masallacin unguwa da muryar ladaninsa.

Kawu bai sa baki ba sai da ya shanye kofinsa. Sannan ya ce, "Ɗana, ka san Baba a ƙafa ya zo ƙasar nan." Na ce na sani, Kawu. Ya sake ba mu labarin duk da haka, muka kuma saurara kamar yau muka fara ji. Daga Haɗeja mahaifinsa ya taso, ya ratsa Cadi, ya shiga Sudan ta Jinena, ya wuce Fashir da Ubayyid, ya yi tsintar auduga a Jazira don tara kuɗin jirgin ruwa, kana ya ƙetaro daga Suwakin. Shekara shida. "Amma har ya rasu," in ji Kawu, "in ya buɗe baki, Mai Wurno zai ambata." Garin nan ne na bakin Shuɗin Nilu da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Damina biyu tsohon ya yi a can, ya san wa ke da kwalekwale, wace tsohuwa ce ke dama fura mai kyau. Sauran dubban kilomitocin kuwa, ƙishirwa da kaushin ƙafa kawai ya riƙe daga cikinsu. Jikina ya yi sanyi, don abin da na kasa faɗa wa yarana ke nan.

Washegari na zauna lissafi. Dinarin Bahrain ɗaya kusan riyal 10 ne, saboda haka masauki zai ciji aljihu, sai dai kuɗin da ake ƙonawa a tikitin gari zuwa gari babu shi. Na shiga Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, na ciro wa kowa huruj wa auda, wato bizar fita da dawowa, riyal 200 kan mutum ɗaya. Akwai jirgi kai tsaye daga Jidda, amma na zaɓi mu sauka Dammam, tafiyar sa'a biyu, mu hau mota ta gadar Sarki Fahad. Kilomita 25 ce a kan teku, an buɗe ta a 1986, kuma a wani tsibiri da aka gina a tsakiyarta ake buga fasfo. Ina so yaran su ga ruwa dama da hagu su san sun bar wata ƙasa sun shiga wata.

Na ware kwana biyu don Muharrak, tsohon garin masu nutso neman lu'ulu'u, sana'ar da ta riƙe mutanen tsibirin kafin a haƙo mai a 1932. Kwana ɗaya na ganuwar Ƙal'atul Bahrain, da ke zaune kan kufan tsohuwar daular Dilmun na shekaru dubbai. Juma'a a masallacin Alfatih. Sauran kwanakin ban rubuta musu komai ba, da gangan. Mai ɗakina ta riga ta ce kasuwar Babul Bahrain tata ce, da halawar da za ta ɗauro wa Kawu. A ƙasan takardar kuma na rubuta Burunai da Gambiya, su ma ƙananan ƙasashe, don wata shekarar in da rai.

Saura mako biyar, ina cike takardar biza ta intanet da daddare, na buɗe fasfon autarmu. Wata huɗu ya rage masa, ga shi ana son shida. Na kira uwarta na nuna mata, ta yi salati ta zauna a bakin gado. Da asuba na ɗauki yarinyar da hotunanta muka nufi ofishin jakadancin ƙasarmu. Yadda muka kwashe a can, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.